Yadda nake riƙe kwantena da VM a laftop ɗaya da Incus, tun daga saka shi har ajiye bakof a filashi

Abin da ya jefa ni wannan harka abin kunya ne gaskiya. Wani mai shago ne ya kawo min 'yar manhajar lissafin kayansa wai in duba masa, an rubuta ta da tsohon PHP, ni kuma sabo ne a kan laftop ɗina, sai na ce bari in ɗora tsohon a gefe, na jawo wani ma'ajin manhaja da na tsinta a intanet, na danna Y ban ko tsaya karanta abin da zai cire ba. Washegari na kunna kwamfuta sai baƙin allo, kwana biyu cur ina fama, data ta ƙare, aikin mutum kuma yana jira. Tun daga ranar na yi wa kaina doka, ba na ƙara gwada komai a kan uwar kwamfuta, duk abin da zan gwada sai dai a cikin kwantena ko VM (virtual machine), in ya lalace in goge in sake wani, kuma Incus ita ce manhajar da nake tayar da su duka biyu da ita.

Toh kafin mu shiga taminal bari mu rabe abubuwan nan biyu, don yawancin wahalar da mutane ke sha daga nan take farawa. Kwantena kamar ɗaki ne a gidan haya. Kowa da ƙofarsa da kwaɗonsa da kayansa, amma tsakar gida ɗaya ce, rijiya ɗaya, mita ɗaya. Wannan abin da ake tarayya a kai shi ne kanel ɗin Linux na kwamfutarka, wato zuciyar tsarin mai magana da injin, shi ke raba wa kowa ɗakinsa da abin da ake kira namespaces, ya kuma auna wa kowa rabonsa na RAM da furosesa da cgroups. Shi ya sa kwantena ke tashi cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu kuma in ba ya aiki kusan ba ya cin komai. Shi kuwa VM gida ne sukutum aka gina a cikin filinka, da harsashinsa da rijiyarsa da mitarsa, wato yana da nasa kanel, yana tashi kamar yadda kwamfutar gaske ke tashi, QEMU da KVM ne ke riƙe da shi. Ya fi tsaro, ya fi nauyi, kuma shi kaɗai ne zai ɗauki Windows ko FreeBSD tunda su ba kanel ɗin Linux suke amfani da shi ba.

Wani zai ce ai Docker ma kwantena ne. Haka ne, amma na Docker manhaja ɗaya ake kullewa a ciki, ta gama aikinta a yar. Wanda muke magana a kai cikakken Debian ne ko Ubuntu ko Alpine, da systemd ɗinsa da cron da masu amfani da komai, kana shiga ka yi apt install kamar sabuwar saba ka saya. Ni dai ra'ayina, in laftop ɗinka irin namu ne, tokunbo mai RAM 8GB, kwantena ne abincin yau da gobe, VM kuwa sai ta kama dole.

'Yar tarihi kaɗan, don za ta cece ka daga ruɗani. LXC, kayan aikin tayar da irin wannan kwantena a Linux, ya fito tun 2008. Daga baya kamfanin Canonical masu Ubuntu suka gina LXD a kansa, kuma a sigar 4.0 ta 2020 ne ya zo da VM sosai. A watan Yuli 2023 Canonical suka janye LXD daga ƙarƙashin aikin Linux Containers suka mayar da shi hannunsu, sai wani mai rubuta manhaja, Aleksa Sarai, ya tsage reshe, wato ya kwafi LXD ya ci gaba da shi daban, ya sa masa suna Incus, Stéphane Graber wanda ya daɗe yana jagorantar LXD da sauran tsofaffin ma'aikatan suka koma kansa, sigar 6.0 mai dogon tallafi ta fito a Afrilu 2024. Amfanin sanin wannan shi ne za ka yi ta cin karo da tsofaffin darussa masu lxc launch da lxc list, toh yawancinsu in ka cire lxc ka sa incus za su yi aiki, sai 'yan wurare kamar lxd init da ya koma incus admin init, da kuma sinafshot, wato ajiye halin da kwantena yake ciki don a iya komawa gare shi, da zan nuna a ƙasa.

Mataki na 1, duba ko injinka zai iya

Kwantena ba ruwansa, in dai Linux kake kai zai yi. VM ne ke da sharaɗi. Buga wannan:

lscpu | grep -i virtualization
ls /dev/kvm

In ka ga VT-x ko AMD-V, kuma /dev/kvm na nan, shikenan. In babu, kar ka yi saurin cewa laftop ɗin ya tsufa, sau da yawa a kashe yake a BIOS, ka sake kunna kwamfutar ka shiga da F2 ko F10 ko wanda naka ke amsawa, ka nemo inda aka rubuta Virtualization Technology ko SVM ka kunna. Na ga wanda ya yi wata guda yana zagin injinsa alhali maɓalli ɗaya ne.

Mataki na 2, saka shi

A Ubuntu 24.04 da Debian 13 yana cikin ma'ajinsu na asali:

sudo apt update
sudo apt install incus btrfs-progs

A Ubuntu in kana son VM ka ƙara sudo apt install qemu-system, amma ka bari sai ka samu Wi-Fi ko datar dare don yana da nauyi. Wanda ke son sabuwar siga akwai ma'ajin Zabbly na shi Stéphane Graber ɗin, sai dai ga mai farawa wanda ya zo da tsarinka ya isa.

Sai ka saka kanka a rukuni don kar ka dinga buga sudo kullum:

sudo adduser $USER incus-admin
newgrp incus-admin

Amma fa ka sani, duk wanda ke cikin incus-admin tamkar ka damƙa masa makullin gidan ne gaba ɗaya, zai iya kai wa ga duk fayil ɗin da ke kwamfutar. In ƙaninka ko ɗalibi zai yi koyo a injin, rukunin incus kawai za ka sa shi, can an killace masa nasa fili.

Mataki na 3, tambayoyin farko, nan ne ake yin kuskuren da ake daɗewa ana biya

incus admin init

Zai jero maka tambayoyi. Ta haɗa injuna da yawa ka ce no. Ta ƙirƙirar wurin ajiya ka ce yes, sunan ka bar shi default. Ni rumbu nake ce masa, don nan ne duk kwantenoninka da sinafshot ɗinsu za su zauna. Sai ya tambaye ka wane iri, kuma nan nake so ka tsaya.

Akwai dir, shi babu wata dabara, folda ce kawai. Yana aiki a ko'ina amma duk sinafshot sai ya kwafe komai daga farko zuwa ƙarshe, in kwantenan 5GB ne toh wani 5GB ya tafi, ga jira. Wanda ya bi gajeriyar hanya ya buga incus admin init --minimal shi zai samu, shi ya sa ba na ba da shawarar ta. Akwai zfs, shi ne gwani a gaskiya, amma yana son RAM, yana kame wani babban kaso ya riƙe don saurin karatu, a inji mai 8GB da burauza a buɗe za ka ji a jikinka, a Debian kuma sai an harhaɗa masa direba. Akwai lvm, sannan akwai btrfs wanda ni shi nake sa wa kwantena, sinafshot nan take, kwafi nan take, don ba ya kwafar komai sai abin da ya canza. Aibinsa ɗaya, ba su cika jituwa da VM ba wajen ƙididdigar fili, su kansu masu Incus sun ce a guji ɗora VM a kansa, diskin VM zai iya cika iyakarsa alhali a ciki kana ganin da sauran wuri. Maganin mai sauƙi ne, za mu yi wa VM nasa rumbun daban in mun zo wurin.

Zaɓi btrfs, ka ce a ƙirƙiri sabo, da ya tambayi ko kana da wani diski ko ɓangaren diski da ba komai a kai ka ce no in babu, sai ya yi fayil guda ya mayar da shi kamar diski. Girma ka ba shi 40 ko 50 in kana da wuri. In ya cika daga baya ana ƙarawa da incus storage set default size=80GiB, ƙari dai ake yi, ragewa babu.

Sai gadar netwok, ka ce yes, sunanta incusbr0, IPv4 ka bar auto, IPv6 in layinka ba ya ba ka ka rubuta none ka huta. Buɗe sabar ga waje, no. Sai wata tambaya da kowa ke wucewa da gudu, wai ko a dinga sabunta imej ɗin da aka ajiye da kansa, imej kuwa shi ne shiryayyen tsarin da ake saukewa a tayar da kwantena daga shi. Wanda ya tsara wannan ba da datar waya yake aiki ba. In ka bar shi, duk awa 6 yake leƙawa, in ya ga sabo ya sauke, su kuma imej ɗin nan kusan kullum ake sake gina su. Ka ce no. In ka riga ka wuce:

incus config set images.auto_update_interval=0

Mataki na 4, kwantenan farko

Maimakon in tayar kai tsaye daga intanet, ni na fi son in sauke imej ɗin sau ɗaya in ajiye da suna, domin wanda ya sauko da kansa in ya yi kwana 10 ba a taɓa shi ba goge shi ake yi, ranar da ka buƙata sai ka sake biya.

incus image copy images:debian/12 local: --alias d12
incus launch d12 shago
incus list

Ka ga shago RUNNING da adireshi mai farawa da 10 a gefensa? Toh ka samu sabuwar kwamfuta kenan. Shiga ciki:

incus exec shago -- bash

Yanzu kai ne root a ciki, wato mai cikakken iko, ka saka nginx, ka saka MariaDB, ka ɓata abin da kake so. Wannan root ɗin na cikin ɗaki ne kawai, a waje an sauya masa lamba zuwa wata babba wadda ba ta da ikon komai, shi ya sa nake roƙonka kar ka taɓa security.privileged=true don wani darasi ya ce ka sa, wannan cire ƙyauren ɗakin ne gaba ɗaya. Ka fita da exit. Tsayarwa incus stop shago, tayarwa incus start shago, gogewa incus delete shago. Don ganin sauran abin da ake da shi, incus image list images: zai zubo maka jeri mai tsawo, ka rage shi da suna kamar incus image list images: alpine. Alpine ɗan mitsitsi ne, 'yan megabayit, ya dace da ranar da data ta yi ƙasa.

In kwantenan ya tashi amma babu intanet

Wannan sai na ware masa wuri, don inaga cikin mutum goma da suka ce min abin ya ƙi, mafi yawansu nan ne. Alamarsa biyu, ko dai incus list bai nuna adireshi ba sam, ko ya nuna amma apt update ya tsaya cak yana kallonka. Masu laifi biyu ne kusan kullum. Na farko fayawol ɗin ufw, yana tare gadar:

sudo ufw allow in on incusbr0
sudo ufw route allow in on incusbr0
sudo ufw route allow out on incusbr0

Na biyu Docker da ke kan uwar kwamfutar. Shi da ya tashi yake rufe hanyar wucewar kaya ta iptables ga kowa sai nasa, Incus na gefe bai san hawa ba bai san sauka ba. Ana iya gyarawa da ƙara doka a sarƙar DOCKER-USER, amma ni abin da na yi ya fi sauƙi, na cire Docker daga uwar na mayar da shi cikin kwantena:

incus launch d12 doka -c security.nesting=true

Ka shiga ka saka Docker ɗinka a can, ya yi ta rufe abin da yake so a ɗakinsa.

Mataki na 5, sa wa kowa iyaka

Kwantena in ba ka ce komai ba duk RAM da furosesar injin a buɗe suke gare shi, wata manhaja ta haukace a ciki sai ka ga linzami ya daskare, fanka na ihu.

incus config set shago limits.memory=1GiB
incus config set shago limits.cpu=2

Yana kamawa nan take ba sai ka kashe ba. In kana da kwantenoni da yawa kar ka dinga bi ɗaya-ɗaya, yi furofayil:

incus profile create karami
incus profile set karami limits.memory=512MiB
incus profile set karami limits.cpu=1
incus launch d12 gwaji -p default -p karami

Ka lura na sa default tare da shi, don a cikin default ne diski da netwok suke, in ka manta zai ce maka babu diski. Ranar da ka canza furofayil duk wanda ke ƙarƙashinsa ya canza.

Mataki na 6, fayil da ƙofa

Tura fayil ɗaya ko ɗauko shi:

incus file push kaya.sql shago/root/
incus file pull shago/etc/nginx/nginx.conf .

In kuwa aiki kake rubutawa a laftop kana so ya bayyana a ciki kai tsaye, jingina foldar:

incus config device add shago aiki disk source=/home/sunanka/aiki path=/var/www/aiki shift=true

Wannan shift=true ɗin kar ka bar shi, in babu shi duk fayilolin za su fito a ciki da sunan nobody kuma ba za ka iya rubutu ba, dalilin sauya lambar nan da na faɗa a sama.

Sai maganar nuna wa mai aiki abin da ka yi a wayarsa. Adireshin kwantena daga laftop ɗinka kaɗai ake ganinsa. Sai ka huda ƙofa:

incus config device add shago yanar proxy listen=tcp:0.0.0.0:8080 connect=tcp:127.0.0.1:80

Ka duba adireshin laftop da hostname -I, wayar da ke kan Wi-Fi ɗaya ko hotspot ɗaya da kai ta buɗe adireshin da :8080 a ƙarshe. In ufw na kunne ka buɗe 8080 ɗin. Za ka ga ana koyar da macvlan wai kwantena ya karɓi adireshi daga rauta kai tsaye, eh yana yi amma da kebul, a kan Wi-Fi ba ya yi don rautar ba ta yarda kati ɗaya ya zo da fuska biyu, kuma ko da kebul ɗin uwar kwamfutar ba za ta iya magana da kwantenan ba. Na ɓata yamma guda a kan wannan, kai kar ka ɓata.

Mataki na 7, VM

Fara da rumbunsa:

sudo apt install lvm2 thin-provisioning-tools
incus storage create rumbunvm lvm size=50GiB
incus launch images:debian/12 babba --vm -s rumbunvm -c limits.cpu=2 -c limits.memory=2GiB -d root,size=20GiB

Kalmar --vm ce kawai ta bambanta shi, sauran umarni duk iri ɗaya ne, stop, start, exec, file push, kuma wannan ne ya sa na zauna a kan Incus, ba sai na koyi kayan aiki biyu ba. Imej ɗin VM daban yake da na kwantena kuma ya fi girma, in za ka ajiye shi ka ƙara --vm a kan image copy. In ba ka faɗi komai ba furosesa 1 da RAM 1GiB da diski 10GiB yake ba shi. Kuma shi VM abin da ka ba shi ka ɗauka ya tafi, kar ka ba biyu 4GiB kowanne a inji mai 8 ka zo kana mamaki.

In ka buga exec da wuri zai ce maka VM agent isn't currently running, ba lalacewa ya yi ba, bai gama tashi ba ne, ɗan aiken da ke ciki mai karɓar saƙo bai farka ba, ba shi rabin minti. In kana son ganin yadda yake tashi incus console babba, in allo sosai kake so ka saka virt-viewer sannan incus console babba --type=vga. In wani imej ya ƙi tashi saboda Secure Boot, ka tsayar da shi ka sa security.secureboot=false.

Daga ISO kuma, wato fayil ɗin faifan saka tsari, misali kana son gwada wani tsarin da babu shi a jerin:

incus init sabo --empty --vm -s rumbunvm -c limits.memory=4GiB -c limits.cpu=2 -d root,size=30GiB
incus config device add sabo faifai disk source=/home/sunanka/abin.iso boot.priority=10
incus start sabo --console=vga

Ka gama sakawa ka cire faifan da incus config device remove sabo faifai. Windows ma haka ake bi, sai dai yana buƙatar direbobin virtio, akwai distrobuilder repack-windows mai cusa su a cikin ISO ɗin, Windows 11 kuma sai ka ƙara masa na'urar tpm. Gaskiya a 8GB wahala ce, sai in dole, kamar wata manhajar ofis da ba ta san kowa ba sai Windows. Huda ƙofar proxy ma a VM ba kamar ta kwantena ba ce, sai da nat=true da tsayayyen adireshi.

Yaushe nake yin VM kenan? In abin ba Linux ba ne, in zan taɓa kanel ko in ɗora masa direba, ko in wani ya turo min abin da ban yarda da shi ba. Sauran duk kwantena.

Mataki na 8, sinafshot

Kafin duk wani abin da zuciyarka ta ɗan yi ɗar, sabunta tsari ne, canza sigar PHP ne, taɓa rumbun bayanai irin MariaDB ne:

incus snapshot create shago kafin-gyara

In ta ɓaci:

incus snapshot restore shago kafin-gyara

Daƙiƙa kaɗan ka dawo inda kake. Da na san wannan a lokacin mai shagon nan da ban yi kwana biyu ina zufa ba. Kana iya sa shi ya dinga yi da kansa ya kuma share tsofaffi:

incus config set shago snapshots.schedule=@daily
incus config set shago snapshots.expiry=1w

Kar ka sa na farko ka bar na biyu, rumbu zai cika a hankali ba ka sani ba, kuma btrfs in ya cika maƙil rigima ce. Ka dinga leƙa incus storage info default. Wani abin daɗi, incus copy shago shago2 zai ba ka tagwai nan take ka yi gwajin a kansa. In kuma ka shirya kwantena tsaf da duk kayan da kake sakawa kullum, ka tsayar da shi ka buga incus publish shago --alias shiryayye, daga ranar incus launch shiryayye wani-suna ya wadatar, ba sauke komai.

Mataki na 9, bakof na gaske, da maganar wuta

Sinafshot a cikin rumbu ɗaya yake zaune da kwantenan, diski ya mutu ko a ɗauke laftop a mota sun tafi tare, kai ko incus delete ka buga da kuskure da sinafshot ɗin yake tafiya. Don haka mai muhimmanci ka fara kulle shi:

incus config set shago security.protection.delete=true

Sannan ka fitar da shi waje:

incus stop shago
incus export shago /media/sunanka/filashi/shago.tar.gz --instance-only
incus start shago

Ina tsayar da shi ne saboda rumbun bayanai, in yana tsakiyar rubutu ka kwafa za ka iya ɗaukar rabin magana. Shi --instance-only yana barin sinafshot a baya don fayil ɗin ya yi sauƙi. Akwai --optimized-storage mai sauri amma sai a rumbu iri ɗaya yake komawa, na btrfs sai btrfs, ni ba na sa shi don ban san injin da zan samu ranar da ta ɓaci ba. Kuma ka duba filashin, in FAT32 ne ba ya ɗaukar fayil ɗin da ya wuce 4GB, zai yanke a hanya, ka mayar da shi exFAT ko ext4. Dawowa da shi a kowane inji mai Incus:

incus import shago.tar.gz

Ka gwada wannan ko sau ɗaya ne tun kana cikin kwanciyar hankali, ka ba shi wani suna a ƙarshen umarnin kamar incus import shago.tar.gz gwajin-dawowa, ka tayar ka ga komai na nan, sai dai ka tsayar da na asalin tukuna don kar su yi karo a kan adireshi da ƙofar 8080.

Haka imej ma ana rabawa hannu da hannu. Ka shiga wata folda ka buga incus image export d12 . zai ba ka fayil biyu, ƙarami mai farawa da meta da kuma babban, abokinka ya karɓa a filashi ya buga incus image import da sunan ƙaramin sannan babban sannan --alias d12. Aji guda mutum ɗaya ya sayi data ya isa.

Wuta kuma, wanda ya mayar da tsohuwar destof saba a shago ko makaranta ya san zancen. Incus in ba ka ce komai ba yana tuna halin da kowa yake kafin a ɗauke, wanda ke kunne ya tashi, wanda ke kashe ya zauna. In kana so ka tabbatar, kuma rumbun bayanai, a ce yana cikin wani kwantena mai suna bayanai, ya riga manhajar tashi:

incus config set bayanai boot.autostart=true
incus config set bayanai boot.autostart.priority=10
incus config set bayanai boot.autostart.delay=15
incus config set shago boot.autostart=true

Mai babbar lamba shi ke fara tashi, delay ɗin kuma daƙiƙoƙin da za a jira ne kafin a tayar da na gaba. A laftop akasin haka nake yi, VM duk boot.autostart=false nake sa musu, don ba na so in kunna inji a kan batir in tarar wani VM da na manta ya riga ni shan caji. A BIOS na yawancin destof akwai wurin da ake cewa in wuta ta dawo ya kunna kansa, ka nemo shi ka kunna, in ba haka ba duk wannan tsarin sai wani ya zo ya danna maɓalli. VM ya fi jin zafin yankewar wuta tunda yana da nasa diski da abin da ya riƙe bai rubuta ba, in akwai hali ko ƙaramin UPS ne ka sa wanda zai ba ka minti biyar ka kashe da hannunka.

In wani ya ƙi tashi bayan wuta ta dawo, kafin ka fara goge-goge buga incus info shago --show-log ka karanta layukan ƙarshe, yawanci dalilin na nan a rubuce, kuma sau da yawa ba wani abu ba ne illa foldar da ka jingina ko ISO da ke kan filashin da aka zare, ka cire na'urar da incus config device remove ka sake tayarwa.